Gawon da ke cikin gona, na wa ne?

Lokacin sassabe ya kusa. Ko'ina cikin Arewa, daga Sukukutan da Dogon Ƙirya har Tibiri da Gesheme, magidanta sun fara wasa gatari da adda. Kamin ruwan farko ya sauka za a shiga gonaki, a sare sabara da kalgo da geza, a tara, a sa wuta. Haka anka gada. Amma kamin a ɗaga gatari bana, akwai tambaya guda da ta kamata kowane mai gona ya yi ma kanshi. Ɗan gawon nan da ya tsiro tsakiyar gona, na wa ne? Na mai gona ne, ko na gwamnati?

Ba tambayar wasa ba ce. Amsarta ce ke sa mutum ya bar icce ya girma, ko ya cire shi tun bai kai gwiwa ba. Shekaru da yawa amsar ita ce: na gwamnati ne. Wannan amsa ta ci gonaki da yawa.

Kowa ya san gawo. Icce ne mai halin kanshi. Da damana, sa'ad da sauran itatuwa ke yin ganye, shi sai ya zubar da nashi. Don haka ba ya tare ma hatsi rana. Da rani kuwa, lokacin da daji ya bushe ƙurmus, sai ya yi kore shar, ya ba da inuwa, ya yi ƴaƴa. Bisashe su taru gindinshi, su ci ƴaƴan, su bar taki. Ganyen da ya zuba shi ma taki ne. Saiwarshi tana nutsawa ƙasa ƙwarai, tana shan ruwa can inda saiwar hatsi ba ta kaiwa. Shi ya sa yake son Dallol Mawri, inda ruwa ba ya da nisa. Duk wanda ya bi dallol da kaka ya gani da idonshi: zangarniyar da ke gindin gawo ta fi ta fili tsawo da nauyi. Ba malamin gona ya koya ma Arawa wannan ba. Kakanni sun san shi tun ba a san biro da takarda ba.

To, in gawo yana da wannan amfani duka, mi ya sa gonaki da yawa sunka zama fili fetal, babu ko inuwar da mai kawo fura za ta zauna? Fari ya kashe itatuwa, gaskiya ne. Farin 1973 da na 1984 ba su bar mutum ba, ba su bar dabba ba, ba su bar icce ba. Mutane kuma sun ƙaru, daji ya koma gona, tukunya ta ƙaru a murhu. Wannan ma gaskiya ne. Amma akwai dalili na uku wanda ba a cika faɗi ba. Dalilin nan, doka ce.

Tun kamin zuwan Turawa ana tsaron icce. Ana ba da labarin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya yi sarauta cikin ƙarni na 19, cewa ya sa hukuncin kisa bisa wanda ya sare gawo. Cikin Arewa ma akwai kuka da tsamiya da ba mai kusantarsu da gatari, don ana cewa mazaunin iskoki ne. Amma mai gonar gado ba ya zuwa wani gari neman takarda don ya sari reshe cikin gonar ubanshi.

Ran 4 ga Yuli 1935, Faransa ta kafa dokar daji don ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunta. Dokar ta ce dajin da ba ya da mai shi na hukuma ne. Ta kuma ware wasu itatuwa, ta ce ba a taɓa su sai da izini. Da anka samu mulkin kai a 1960, ba a bar wannan tsari ba. Ran 4 ga Maris 1974, ana tsakiyar yunwa, Nijar ta yi tata dokar daji. Ta lissafa itatuwa iri 15 da anka hana sarewa ba da izini ba. Cikinsu akwai gawo, kuka, tsamiya, ɗorowa, kaɗe, giginya, goriba, aduwa, bagaruwa, ɗanya, gawasa da maɗaci. Wato kusan duk iccen da ke da daraja a gona.

Waɗanda sunka rubuta dokar, niyyarsu ta alheri ce. Suna son su tare hamada. Amma ga yadda dokar ta sauka cikin gona. Manomi ya ga ɗan gawo ya tsiro. In ya bar shi ya girma, ya zama abin hukuma. Ba ya sare reshe don gwafar rumbu ko tankar ɗaki sai ya bar aikinshi ya tafi birni neman izini. In wani ya zo da dare ya sassare iccen, da safe mai gona za a tambaya, kuma tara tana iya faɗawa bisa kanshi. To, wa zai reni abin da zai jawo mashi tara? Sai ya sa hauya ya cire shi tun yana kamar yatsa. Ba wanda ya gani, ba wanda ya ji. Dokar ta tsare tsohon gawo, ta kashe ƙaramin da zai gaje shi. Tsoho kuwa, ko na icce ne, wata rana faɗuwa zai yi.

Ga kuma wani abu. Cikin shekarun 1960 da 1970 ana koya ma manoma cewa gona mai kyau ita ce wadda anka cire ma kututture duka, don garmar shanu ta wuce ba ta karye ba. Wanda ya bar sabara cikin gonarshi, rago ake ce mashi.

Gwamnati ba ta zauna ba. Tun 1975, ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen icce. Samariya ta fito da ganga, ƴan makaranta sun ɗauko ruwa, ma'aikata sun kawo dogon yaro da turare cikin leda. Ba za a ce aikin banza anka yi ba. Inuwar dogon yaro da ake sha yau a kasuwanni da bakin hanya da filin makaranta, da yawanta daga nan ta fito. A kwarin Majiya, wajen Buza, layukan dogon yaro da anka fara dasawa a 1975 tare da ƙungiyar CARE sun tare iska, sun taimaki gonaki. Amma gandun itatuwa na gari, wanda ake shingewa a ce na kowa da kowa ne, sau da yawa bai kai labari ba. Ranar dashe gari duka yana nan. Cikin watan bazara, da za a ɗauko ruwa a kai, sai a rasa mutum. Akuya ta shiga, ba mai kora. Kowa yana cewa itatuwan gwamnati ne, ta zo ta ba su ruwa.

Cikin watan Mayu 1984, shugaban ƙasa Seyni Kunce ya tara ma'aikata da sarakuna a Maradi don shawara bisa yaƙi da hamada. Taron ya yarda cewa aikin ba zai yiwu ba sai talakawa sun ɗauke shi nasu. A jihar Dosso kuma, farkon shekarun 1980, an yi wani proje mai suna Gawo. Ana ba manomi ɗan tukuici in ya tsare ɗan gawon da ya tsiro da kanshi cikin gona. Dabara ce mai kyau, don ta gane cewa ba sai an dasa ba. Sai dai tukuici ba ya amsa tambayar nan ta farko. Wanda ake biya don ya yi tsaron abu, mai gadi ne. Mai gadi kuwa, ranar da albashi ya tsaya, gida yake komawa.

Amsar tambayar, daga gabas ta fara fitowa, daga ƙasar Maradi. Can ma akwai Tibiri, ta Gobir. Kada a haɗa ta da Tibirin Samna ta Arewa, wadda anka raba da Dogon Dutsi ta zama gunduma a 2011.

Akwai wani Bature mutumin Ostiraliya, sunanshi Tony Rinaudo, yana aikin gona da mishan ta SIM a Maradi. Ya yi ta rarraba ƴan itatuwa a ƙauyuka, mafi yawansu suna mutuwa. Wata rana cikin 1983 ya tsaya da mota don ya rage ma taya iska saboda rairayi. Sai ya duba wani ɗan kurmi bakin hanya, irin wanda kowa ke ɗauka ciyawa ce. Da ya dubi ganyen, ya gane icce ne. An sare shi tuntuni, amma kututturen yana da rai, saiwar tana nan ƙasa da ƙarfinta, kowace shekara tana fitar da tofo, kowace shekara ana sare tofon a ƙone. Ashe dajin bai mutu ba. Yana ƙarƙashin ƙasa yana jira.

Abin da ya koya ma manoma ba sabon abu ba ne, tsofaffi da yawa sun san shi. Maimakon a sare tofo duka, a zaɓi masu ƙarfi a bari, a sassabe masu rassan ƙasa, a cire sauran. Shi ake kira sassaben zamani. Manoma kaɗan ne sunka yarda da farko. Maƙwabta sun yi masu dariya, wasu sun zo da dare sun sace masu iccen.

Sai ga yunwar 1984. Mishan ta raba cimaka a ƙauyuka kusan 100, da sharaɗin kowa ya bar itatuwa cikin gonarshi. Mutane sun bari, don ciki ba ya jira. Da yunwa ta wuce, anka daina rabon cimaka, wajen kashi biyu cikin uku na itatuwan nan sunka sha gatari. A nan ya kamata a tsaya a yi tunani. Waɗanda sunka bar icce don buhu, da buhu ya ƙare sun sare. Kashi ɗayan da ya rage, su ne waɗanda sunka lura da gonarsu: iska ba ta binne shuka kamar da, mata sun samu iccen tuwo kusa, hatsi bai ragu ba. Daga gonakin waɗannan mutane abin ya bazu. Ba rabon kuɗi, ba rabon hatsi. Maƙwabci ya ga gonar maƙwabci.

Akwai abu guda da ya taimaka, kuma daga hannun hukuma ya fito. Ma'aikatan gandun daji na Maradi sun yarda su sassauta, su bar wanda ya reni icce ya ci amfaninshi ba tara. Bayan haka, ƙarshen shekarun 1980 da cikin 1990, kuɗin gwamnati ya yi ƙaranci, ma'aikata ba su cika zagaya ƙauyuka ba. Manoma sunka fara ɗaukar iccen gona kamar akuyar gida.

An yi shekaru kusan 20 manyan gari ba su san girman abin da ke faruwa ba. Sai da masu bincike, cikinsu har da ɗan ƙasa Mahamane Larwanou, sunka zagaya jihohin Maradi da Damagaram, anka kuma gwada hotunan sama na 1975 da na wajen 2005. Sun ƙiyasta cewa gonaki hekta miliyan 5 sun sake yin icce. Hekta guda ita ce gona mai mita 100 tsawo, mita 100 faɗi. Itatuwan sun kai miliyan 200. Masu koyon lissafi su raba miliyan 200 gida miliyan 5, za su samu 40. Wato icce 40 cikin kowace hekta. An kuma ƙiyasta ƙarin hatsi da dawa tan dubu 500 kowace shekara. Tan guda buhu 10 ne na kilo 100. Duk dashen da anka yi da kuɗin gwamnati da na ƙasashen waje tun samun mulkin kai bai kusanci wannan ba. A 2018 anka ba Tony Rinaudo babbar kyauta a ƙasar Suwidin, tare da Yakuba Sawadogo, manomin Burkina Faso wanda ya raya fako da ƴan ramuka masu taki. Amma masu gatarin da sunka yi aikin, talakawa ne masu gona ɗaya ko biyu.

Doka ta biyo baya sannu sannu. A 1992 anka ba garuruwa izinin kafa kasuwar icce tasu, su tsare dajinsu, su sayar, wani kashi na haraji ya tsaya cikin gari. Ran 2 ga Maris 1993 anka kafa dokar karkara, wadda ta yarda da mallakar gona ta hanyar gado da al'ada, ba sai mai takardar birni kaɗai ba. A 2004 anka yi sabuwar dokar daji. Ran 30 ga Yuli 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman bisa sassaben zamani, wadda ta yarda cewa wanda ya reni icce a gonarshi yana da haƙƙin cin amfaninshi. Daga 1935 zuwa 2020, shekara 85 ke nan.

Sai dai a yi hattara. Gawo da ƴan uwanshi ba su fita daga cikin itatuwan da doka ke karewa ba. Wanda ke son ya kayar da babban gawo daga tushe, ya fara zuwa wajen ma'aikatan gandun daji tukuna. Wannan ba laifi ba ne, don gawon da ya shekara 50 ba a maida shi cikin damana guda. Abin da bai kamata ba shi ne a ci mutum tara don ya sassabe ƙaramin iccen da shi da kanshi ya rena. In haka ta faru, rijiya ta bayar, guga ya hana. Ma'aikacin kirki ya san doka ta sake. Manomi ma ya kamata ya sani, don wanda bai san haƙƙinshi ba, ko an ba shi ba ya karɓa.

Yanzu akwai masu jin wannan labari su ce: ashe gwamnati ba ta da amfani, ta fita sha'anin karkara baki ɗaya. Wannan magana ba daidai ba ce. A 1984, in ba don cimakar da anka kawo ba, da babu wanda zai rage ya yi sassaben zamani. Ofishin cimaka na ƙasa, OPVN, wanda anka kafa a 1970, don irin wannan rana anka yi shi. Manomi guda ba ya tare motar masu saran icce da ke shiga daji don kai ma birni. Ba ya shata burtali shi kaɗai. Ba ya yanke shari'a tsakaninshi da wanda ya yi mashi ɓarna, in ya yanke da kanshi jini ne zai zuba. Fakon da ke bisa tudu, wanda ruwa ke gudu a kai ya zo ya haƙa kwazazzabo cikin gonakin dallol, ba na mutum guda ba ne. Gyaranshi yana son hannu da yawa, da diga da shebur, da mai auna inda za a gina rabin wata. Nan wurin hukuma ne, kuma in ba ta zo ba, jama'a suna da bakin tambaya.

Amma ƙirgar rassa cikin gonar mutum ba aikin hukuma ba ne. Gunduma guda tana da ƙauyuka ɗaruruwa, gonaki kuwa ba su ƙirguwa. Ko an ɗauki ma'aikata dubu, ba za su tsaya gindin kowane gawo ba. Mai gona kuwa yana nan safe da marece. Shi ya san inda iska ke shigowa, da inda ruwa ke kwanciya, da kututturen da ubanshi ya sare. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zubar mashi. Aikin hukuma ta tsaya bakin gona, ta tare ɓarawo, ta bar mai gona da gatarinshi.

Laifin ba na gefe guda ba ne. A garuruwa da yawa, in anka yi zancen gyaran gona, tambayar farko ita ce: wane proje ne, nawa ake biya? In babu biya, sai taro ya watse. An saba da mota fara mai kawo buhu, har wasu suna ganin wauta ce mutum ya yi ma gonarshi aiki ba a ba shi komi ba. Sassaben zamani ba ya son leda, ba ya son ban ruwa, ba ya son waya, ba ya son bashi. Adda mai kaifi kaɗai yake so, kuma tana nan rataye a zaure. Masu iya magana sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Saura magana mai nauyi, wadda ta shafi makiyaya. In iccen gona ya zama na mai gona, ina rabon mai garke? Da can, in anka saki gonaki bayan kaka, bisashe suna cin kara da ƴaƴan gawo ba mai hanawa. Yanzu manoma da yawa suna kwashe kara, suna tsince ƴaƴan gawo su kai kasuwa ko su ba tumakin turke. Makiyayi ya iso da shanu masu yunwa, ya tarar da gona a share. Sai ya hau gawo da dare ya sassare shi kaf. Da safe faɗa ya tashi.

Duka biyun suna da gaskiya, duka biyun suna da kuskure. Manomi ya tuna cewa ƙwayar gawo tana da tauri, kuma ta fi tsirowa in ta bi ta cikin dabba. Ɗan gawon da yake taƙama da shi, wataƙila saniyar Bafillace ce ta shuka mashi shi, ta haɗa da taki. Makiyayi kuma ya tuna cewa gawon da anka aske ma kai duka yana daɗewa bai yi ƴaƴan kirki ba. Wanda ya aske shi bana, garkenshi ne zai rasa baɗi. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta tabbatar ma makiyaya haƙƙin yawo da bisashe, kuma hukuma ce ke sa ranar sakin gonaki kowace shekara. Amma doka ba za ta faɗi reshe nawa za a sara a gawon wane ba. Wannan sai an zauna.

Mutanen Ɗan Saga, cikin gundumar Agye ta jihar Maradi, sun zauna. Da satar icce ta dame su, ba su jira a turo masu mai gadi daga birni ba. Sun kafa kwamitin gari, da manoma da mata da makiyaya a ciki. Sun sa ƙa'idodinsu, sun sa masu zagayawa. Ma'aikatan gandun daji sunka zama masu goyon baya, ana kiransu in abu ya fi ƙarfin gari. Abin da Ɗan Saga ta yi, ba abin da zai hana Matankari ko Kiyeshe ko Dumega ko Kore Mai Ruwa su yi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma ba dole sai hannun ya zo daga Yamai ba.

A sa mata cikin shawarar tun farko. Su ne ke tafiya nesa neman iccen tuwo, su ne ke ƙona kara da kashin shanu in icce ya ɓace, abin da ya kamata ya koma gona. In maigida ya reni icce ya sayar duka a kasuwa, uwargida tana nan tana yawon daji, to gidan bai ci riba ba.

Sai kuma mai gonar aro da mai gonar jingina. Wannan ƙulli ne mai wuya. Mai aro yana tsoron ya reni icce, gona ta yi kyau, mai ita ya karɓe. Mai gona kuma yana tsoron mai aro ya reni icce, gobe ya ce gonar tashi ce. Saboda wannan tsoro biyu, gonar aro ita ce ta fi kowace gona tsiraici. Maganin shi ne takarda. Dokar karkara ta tanadi kwamitin kula da ƙasa na gari, wanda ake kira KOFOB, maigari ne shugabanshi. Yana ba da takardar shaidar gado, da ta saye, da ta kyauta, da ta aro, da ta jingina. Ranar da za a rubuta takardar aro, a faɗi zancen icce gaban shaidu: shekara nawa, wa ke da rassa, wa ke da ƴaƴa, wa ke da gindi. Nan ne karatun yaƙi da jahilci ke biyan mai shi. Wanda ya iya karatu ba ya dangwala yatsa bisa abin da bai ji ba. A garin da babu kwamitin, jama'a su tambayi maigari da hukumar gunduma a kafa shi.

Ga yadda ake sassaben zamani, ga wanda bai taɓa yi ba. A zagaya gona tukuna ba tare da an sari komi ba, a ga kututturan da ke da rai. A zaɓi irin da ake so: gawo don taki, kalgo da sabara don tare iska da iccen wuta, aduwa da magarya don ƴaƴa. A kowane kututture a bar tofo mafi ƙarfi kuma mafi miƙewa, daga 1 zuwa 5, a cire sauran. A sassabe rassan ƙasa har rabin tsawon tofon, kada a wuce, don in anka aske shi da yawa iska tana karya shi. Adda ta zama mai kaifi, a yi sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Rassan da anka cire a bar su kwance cikin gona, ganyen ya zuba, iccen a kai gida. A ɗaura ɗan tsumma bisa wanda anka bari, don mai wucewa ya san da mai shi. Bayan ƴan watanni a komo a sake gyarawa. Ɗan gawon da ya tsiro daga ƙwaya, a kafa mashi sanda kusa, a faɗa ma yara masu noma kada hauya ta taɓa shi.

Wanda ke shakka, kada ya yi gona duka. Ya ware gefe guda, wajen da iska ta fi ci, ya bar sauran yadda ya saba. Ya ƙirga itatuwan da ya bari, ya rubuta lambar cikin littafinshi tare da kwanan wata. Da kaka ya ƙirga damman da gefen nan ya ba shi, ya rubuta. Bayan sakin gonaki ya sake ƙirga itatuwan, ya ga nawa sunka rage, ya kai lissafin gaban maigari ranar da za a zauna da makiyaya.